Kawu a Cikin Gilashi

Fadamar da ke bayan unguwarmu a Kabo ta zama gidaje. Ba zan iya cewa ga ranar da hakan ta faru ba. Na dai lura wata safiya babu abin da ke shigo mini ta taga sai ƙarar injin markaɗe da hayaniyar masu buga bulo. A da kuwa, idan damina ta zauna, gauraki ne ke tashin mu. Kukansu mai kauri ne, kamar ana busa ƙaho a cikin tulu, ɗaya ya yi daga bakin ruwa, ɗaya ya amsa masa daga can wajen giginyu. Da hantsi idan mun je ɗiban ruwa mukan hango su suna takawa cikin ciyawa da tukkunsu ruwan zinare a ka, ba sa sauri, ba sa kallon kowa. Innata takan ce in daina tsayawa kallon tsuntsu tulu na jira na, ni kuwa sai na ga sun tashi sannan nake tuna abin da ya kawo ni. Yaran yanzu idan ka ce musu gauraka sai su tambaye ka ko sunan mota ne.

'Yanmatancina ya faɗo ne a zamanin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Mu ba a rediyo muka gane ma'anar maganar ba, a gindin murhu muka gane ta. Madarar gwangwani ta ɓace daga shayin Baba, sukari ya koma abin ɓoyewa a ƙasan adaka, sabulun wanka ana yanka shi da zare a raba, tukwane kuwa muka koma wanke su da toka. Kalanzir sai an je Gwarzo an bi layi, wani lokacin ma a dawo da galan babu komai. Babana malami ne, yana karantar da magidanta a zaure bayan la'asar, shi ya sa kowa a makaranta yake ce mini 'yar Malam. Shi dai maganarsa guda ce idan Inna ta yi ƙorafi, cewa wanda ya ci ya kwana bai kamata ya tashi da ƙara ba.

A daidai wannan lokacin ne kuma littattafan soyayya suka fara shigo mana, ƙanana, bugun arha, takardarsu na warin tawada. Wata mata a kasuwar Gwarzo ke ba da su haya daga ƙasan kwandon kayan kolinta, mu kuma mu yi ta zagayawa da su hannu zuwa hannu har bangon ya yi laushi kamar tsumma. A cikinsu babu mai wanke tukunya da toka. Samari na zuwa da mota mai sanyi, su buɗe baki magana ta yi ta zuba, su kira yarinya hasken ido, sanyin zuciya, su rantse ba za su ci abinci ba sai ta yi murmushi. Nakan karanta a gindin darbejiyar makaranta da rana tsaka, in rufe littafin in yi ta kallon sama. Na koyi yadda ake sunkuyar da kai, na koyi yadda ake wasa da gefen mayafi, har amsar da zan bayar na shirya ta tsaf na ajiye a zuciya. Mai tambayar kawai nake jira.

Wanda zuciyata ta zaɓa kuwa ba ya magana. A keke yake zuwa makarantarmu ta jeka-ka-dawo daga Gude, shi ya sa ajinmu ba mai kiran sa sai da ɗan Gude. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, amma sai ka yi sa'a za ka gan ta. Abin da ya iya shi ne ya ajiye mini ɗinya ko kanya a ƙunshin ganye a kan bencina ya wuce kamar ba shi ba. Idan na ce na gode, sai ya ce, "A hanya na gani." Tun muna tsakiyar makaranta har muka kai ajin ƙarshe, abin da nake samu ke nan. Mutum ɗaya ta san halin da nake ciki, ƙawata Rifkatu, 'yar malaminmu na kimiyya, mutanen kudancin Kaduna. A Kabo ta tashi, kwano ɗaya muke ci, tuwon Sallarmu na zuwa gidansu, shinkafar Kirsimetinsu na zuwa namu. Gajera ce mai yawan dariya, ba ta jin nauyin yi wa kowa magana. Takan ce mini, "Ke kina jiran littafi, shi kuma ɗinya ya iya. Sai ku daidaita."

Baban Rifkatu ne ya ce ba zai bari mu gama makaranta ba mu ga dabbobin da yake zana mana a allo da idonmu ba. Akwai wani gida a cikin wata babbar makaranta a Zariya inda aka adana namun daji, can ya yi niyyar kai mu. Makaranta ba ta da hali, sai wani Alhaji ɗan kasuwa ya ba da aron tsohuwar bas ɗinsa, kowa kuma ya ɗauro guzurinsa, dafaffen rogo, ƙuli-ƙuli, gyaɗa. Ni ban yi zaton za a bar ni ba, sai da malamin ya zo da kansa, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, suka yi ta gaisuwa da Baba, gida, iyali, gajiya, damina, har na fid da rai za a zo kan maganata, sannan aka zo. Mota guda muka shiga, mata a gaba, maza a baya. Daga baya da Shari'a ta zo aka raba mata da maza a abin hawa, ina cikin waɗanda suka yi murna, har yau ban sauya ba. Amma ƙarya nake idan na ce ban ji daɗin wannan bas ɗin ba, da na san idan na ɗan karkata kai zan ga gefen hularsa.

Gidan wani dogon zaure ne mai sanyi, yana warin magani irin na asibiti gauraye da na tsohuwar fata. A jikin bango hagu da dama an yi ƙananan ɗakuna, kowanne an rufe gabansa da gilashi. A bangon ciki an zana sama da gajimare da duwatsu da kuka, a ƙasa an zuba yashi na gaske, an kafa busasshiyar ciyawa, har ba ka iya gane inda ciyawar ta ƙare fenti ya fara. A tsakiya kuma ga dabbar a tsaye. Gwanki ya ɗaga kai kamar ya ji motsi. Dila ya saka hanci a bakin rami. Damisa na kwance a kan reshe, wutsiyarta na reto, sai ka rantse yanzu za ta kaɗa ta. Wata 'yar ajinmu daga ƙauyen Masanawa da ta yi ido biyu da kura sai ga ta a bakin ƙofa tana salati, da ƙyar aka dawo da ita. Ma'aikacin wurin ya yi mana bayani cewa fata ce kawai aka feɗe aka gyara, aka cusa mata abin da zai tsayar da ita, idanun ma na gilashi ne. Wani ɗan ƙauyen Durun ya ɗaga hannu ya tambaya, tsakaninsa da Allah, ko an samu yanka su kafin su cika ko duk mushe ne. Ma'aikacin ya yi dariya har da riƙe bango.

Ni kuwa tun daga ƙofa na riga na zaɓi wurina. A littattafanmu da barewa ake kwatanta yarinya, idonta, wuyanta, tafiyarta. Da na ga ɗakin barewa sai na bar 'yan aji suka yi gaba, na tsaya a gefen gilashin, na gyara mayafi, na ɗan karya wuya kamar yadda ta karya nata. Na ce yau idan yana da ido zai gani, idan yana da baki zai faɗa. Na ji takunsa yana tahowa. Ya zo ta bayana, ya wuce.

A ɗaki na ƙarshe aka yi fadama. An shimfiɗa wani abu mai sheƙi a matsayin ruwa, an kafa geranya a gefe, ga balbela, ga zalɓe ya miƙe wuya. A tsakiyarsu kuma gauraka, ya ɗaga ƙafa guda, tukkunsa ya ɗan yi ƙura. Nan ɗan Gude ya tsaya cak. Na ga ya zare takalmansa, ya tsuguna yadda ake tsugunawa a gaban babba, ya ce a hankali, amma wurin shiru ne kowa ya ji, "Sannu da zama, Kawu."

Maza suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Ɗan Gude ya ga dangi." Wani ya ce, "Ka tambaye shi ya mutanen gida mana." Bai ɗago ba. Ina tsaye ina tunanin abin da yarinyar littafi za ta yi a irin wannan wuri, sai Rifkatu ta ratsa su ta ce, "Ku wuce mana, ga zaki can yana jiran ku, in kun isa ku je ku yi masa dariya." Suka watse. Ita kuma ta tattara siket ɗinta ta tsuguna kusa da shi.

Na koma bayan akwatin jimina na laɓe, ina hango su ta cikin gilashi biyu. Ba na jin abin da suke cewa, bakinsa kawai nake gani, kuma bakin nan bai tsaya ba. Mutumin da ke auna mini kalma kamar mai sayar da sukari, ga shi yana ta zuba. Ya nuna ƙasa da hannu, ya rungume hannuwansa a ƙirji kamar mai riƙe da jariri, ya ɗaga su sama ya baza yatsu. Can na ga ya cire hula ya goge ido da ita. Rifkatu na gyaɗa kai, ita ma ta faɗi wani abu mai tsawo, sai ya yi mata murmushi, wushiryar nan duka a waje. Ran nan na fara lura Rifkatu na da dogon wuya duk da gajartarta, na lura kumatunta na lotsawa idan ta yi dariya, abin da na yi shekaru ina gani ban taɓa ƙirga shi a kyau ba. 'Yan aji suka zaga wurin macizai da ke cikin kwalabe, suka ga ƙashin giwa, suka ga malam-buɗe-littafi jere a allo an soke su da allura, suka dawo, su biyun nan suna nan a tsugune. An kai ni Zariya in ga namun daji, na dawo ba abin da zan iya zanawa da ka sai ƙeyar Rifkatu.

A mota na juya mata baya, na rungume ƙullin gyaɗata.

"Ke 'yar Malam, lafiya kike kumbura kamar an jiƙa gari?" in ji ta.

"Lafiya lau."

"To miƙo gyaɗar."

"Ki je Gude a ba ki."

Ta dube ni, ta danne dariya. Na yi ƙoƙarin yin shiru na kasa.

"Me ya gaya miki?"

"Labarin gidansu ne."

"To ina ji."

"Ya hana."

"Har kun fara sirri ke nan."

"Ba sirri ba ne. Cewa ya yi ko direban nan na ga dama in ba shi labarin. Ban da ke kaɗai."

Tana faɗa tana dariya, har da dafa kafaɗata. Na ture hannun. A littafi irin wannan ƙawar ce ake samu a tsakiyar labari, mai dariya da kai tana haƙa maka rami, kuma na ce wa kaina ga tawa ta bayyana.

Da la'asar motar ta yi zafi, direba ya tsaya a wani ƙauye yana zuba mata ruwa, maza suka nufi rijiya alwala. Nan na yi abin da babu yarinyar littafin da na taɓa gani ta yi. Na sauka na same shi a gindin tsamiya da buta a hannu.

"Ɗan Gude."

"Na'am, 'yar Malam."

"Daga yau ka daina ajiye mini ɗinya. Ka kai wa wadda kake iya yi wa magana."

Ya dubi butar kamar ita ta yi maganar. "Wace ce?"

"Wadda kuka tsuguna tare a gaban tsuntsu. Ni na tsaya a gaban barewa har ƙafata ta yi tsami, ko kallo ban samu ba."

"Ban san jira na kike ba. Na ɗauka barewar kike kallo."

"Me ya sa ita ka gaya mata, ni ka ce kada in ji? Don ubana malami ne? Tsoro kake in je in ce a gidanku ana gaida tsuntsu?"

"A'a."

"To don me?"

Ya tsiyaye sauran ruwan butar a saiwar tsamiya, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "A gidanmu labarin Kawu kowa ana iya ba shi. Baƙo, maƙwabci, abokin tafiya. Matar da za ta shigo gidan ce kawai ba a gaya wa a waje. Ita sai an kawo ta, tsohuwar gida ta zaunar da ita ta gaya mata. Namiji ba ya sa baki."

"To ni ina ruwana da matar da za ta…"

"Rifkatu ai ba gidanmu za ta zo ba," ya ce, ya wuce ya bi jam'i.

Amsar nan da na daɗe ina shiryawa, mai ambaton wata da taurari, ban samu inda zan saka ta ba, don ba a tambaye ni komai ba. Na juyo na ga Rifkatu ta zuro hannu ta tagar bas, tafin a buɗe, tana jiran gyaɗa. Na zuba mata, amma ban cika hannun ba.

Bayan jarrabawa manyansa suka zo zauren Baba. Da aka kai ni Gude, washegari da hantsi kakarsa ta sa aka kira ni ɗakinta. Na shiga, na ce yau zan ji abin da ya sa namiji goge ido da hula. Tsohuwar na zaune tana goga goro a magogi, ba ta ko ɗago ba.

"Kakar kakanninmu ta gudo da goyo, mahara na bin ta," ta ce. "Ta shiga fadama ta kwanta a ciyawa. Yaro ya fara kuka. Gauraki suka tashi da nasu kukan suka rufe nasa, mahara suka wuce. Ta ce daga yau 'yan'uwanta ne. Ɗan'uwan uwa kuwa kawu ne. Ba ma ci, ba ma jifa, in mun gamu mu gaisa. Kin ji?"

"Na ji, Iya."

"To miƙo mini ruwa."

Shi ke nan. Labarin da bai kai shan ruwa tsawo ba, shi ne a Zariya ya ci zagayen macizai da ƙashin giwa. To ina sauran? Da Rifkatu ta zo ganin ɗaki na ja ta gefe na tambaye ta, ta ce, "Ke yanzu 'yar gida ce, ni baƙuwa. Ina ni ina ba ki labarin gidanku." Na tambaye shi, ya ce, "Ai an gaya miki."

Ba zan yi masa ƙarya ba, miji ne na kirki. Bai taɓa ɗaga ido ya dubi wata ba, bai kuma taɓa ce mini hasken ido ba. Muka dawo Kabo da zama, muka haifi 'ya'ya, muka aurar. Rifkatu ma ta yi aure a nan, sai a shekarun farko na Shari'a da hankula suka tashi mijinta ya ce su koma gida. Ranar da aka ɗaure kayansu a mota mun yi kuka ni da ita har muryata ta dishe. Muna waya har yanzu, kuma ba ni da ƙawa kamarta. Amma duk sanda na ji muryarta, kafin in tambaye ta jikoki, sai na fara ganin ta a tsugune a gaban gilashin nan, tana jin abin da ni ban ji ba. 'Ya'yanmu maza da suka yi karatu suna cewa a bar maganar Kawu, camfi ne. Ubansu ya ce musu shi bai taɓa roƙon tsuntsu komai ba, gaisuwa ce, kuma wanda ya yi wa kakarka alheri ba ka wuce shi ba sannu ko da ba ya ji.

Yanzu ni ce tsohuwar gida. Da aka kawo amaryar autanmu na sa aka kira mini ita da hantsi, na ce wannan yarinya ba za a yi mata irin abin da aka yi mini ba. Na zauna na ba ta labarin da duk abin da littattafan matar Gwarzo suka koya mini. Na sa ƙaya a ƙafar matar, na sa ruwan fadama ya yi sanyi, na sa ta toshe bakin jaririn da leɓenta tana hawaye, na sa inuwar dawakai ta faɗo a kan ciyawa kafin gauraki su tashi. Yarinyar har da share ido. Maigidana kuma yana zaune a tabarma a bakin ƙofa, wai gyaran rediyo yake, rediyon da ba abin da ya same shi.

Da ta fita na leƙo na ce, "Malam, ka ji dai."

"Na ji. Kin iya labari."

"Na gode."

"Sai dai kin bar wurin da ya fi daɗi."

"Wane wuri?"

"Wurin da ya sa Rifkatu ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba."

Na fito na zauna a gefen tabarmar. "To faɗa mini mana. Yanzu ai mun tsufa, wa zai ce wani abu?"

"Namiji ba ya sa baki," ya ce, yana murɗa rediyon. Can ya ƙara, "Ki kira ta a waya, ƙila ta tuna."

Ran nan tuwon da ya ci babu man shanu, miyar ma ban ɗumama ba.